Bulon Malam Kwan

Biktoriya, wata na biyu, shekarar Doki

Zuwa ga Yaya Yuk-sim, a ƙauyenmu Sa-tong,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki Fuk-loi. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da surukarki mai ƙorafin gwiwa. Ni lafiya ƙalau, sai dai sanyin bana da ruwan waken awara sun farfasa mini hannu, shi ya sa za ki ga rubutuna ya fi na da muni.

Ki kwantar da hankalinki tun daga nan: mahaifinki ya tashi. Na san kin ga wata biyu babu wasiƙarsa, mutumin da bai taɓa fashi ba. Ciwon haƙarƙari ne ya kwantar da shi, kuma ya jigata, ba zan ɓoye miki ba. Amma shekaranjiya na hau masa da kunun shinkafa da citta, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye cokali ya ce, "Fuk-loi, teku ka ɗebo ka dafa mini?" Da na ji Baffa ya koma ƙorafin gishiri, sai da na sauko shago na yi kuka don murna, masu sayen awara suna ta kallona.

Tun da labari ya bazu cewa Malam Kwan ya warke, matakalar gidanmu ba ta huta ba. Kowa ya zo da lemo a hannu wai dubiya, amma in ka duba ɗaya hannun sai ka ga takarda. Wannan yana so a rubuta wa uwarsa, wancan jami'an shige da fice sun tsare ɗansa, ga wasu masu lambu biyu da suka kusa fasa wa juna kai a kan rijiya. Na ce su bar tsoho ya huta. Ya leƙo daga kan gado ya ce, "Kai ne shugaban ƙungiyar mutanenmu yanzu? Bar su su shigo."

Wani abu ma ya ba ni dariya. A ranar da zazzaɓi ya fi tsanani, ya sa na kawo masa jan bulo da tawada, irin wanda yake rubuta wa duk namu da ya rasu a nan, a saka cikin akwatin gawa domin ranar da za a tono ƙashi a mayar da shi gida a san mai shi da ƙauyensu. Ya rubuta nasa da kansa, wai bai yarda da rubutun kowa a garin nan ba. Yana nan ƙarƙashin gado kusa da takalmansa.

Ki gai da kowa. Na haɗo miki da busasshen kifi ta hannun ɗan aike.

Ƙaninki,
Fuk-loi


Sa-tong, wata na huɗu

Ƙanena Fuk-loi,

Na gaishe ka da aiki, na gaishe ka da jinya. Mu duk lafiya, an gama dashen shinkafa, gwiwar surukata tana nan yadda ka san ta. Kifi ya iso. Ranar da aka kawo wasiƙarka na kunna wa kakanni turare, na yanka kaza, na yi barcin da rabona da shi tun sabuwar shekara. Abin da ka yi wa Baba, ɗan da ya haifa ma iyakarsa ke nan.

Amma kai, Fuk-loi, wane irin mutum ne? Ka rubuta mini zancen bulo kamar kana ba ni labarin kasuwar wake, har da cewa ya ba ka dariya. Ni ban yi dariya ba. Mutumin da ya rubuta bulonsa ya riga ya yanke shawarar inda zai mutu.

Ina tatata Baba ya tafi. Ya dawo sau ɗaya ina 'yar yarinya, abin da na riƙe kawai shi ne warin taba a hannun rigarsa. Duk sauran sanin da na yi masa ta jar tawada ne. In rubuta masa wasiƙa, bayan watanni ta dawo mini ta teku, ya zagaye duk harafin da ya karkace da ja, ya rubuta daidai a gefe. Da haka na iya karatu, da haka yau nake koya wa 'yan matan ƙauyen nan. Sau uku yana cewa ga shi nan tafe. Na farko aka ce za a raba yaranmu da makaranta, ya tsaya. Na biyu gobara ta ci unguwarku, ya tsaya. Na uku Inna ta wanke ɗaki ta shanya bargo, shari'ar wani mai wanki ta taso, ya tsaya yin tafinta. Inna ta rasu bargon yana ninke.

Duk shekarar da aka kawo akwatunan ƙashi nakan je bakin kogi. Mata su kama hannuna suna cewa, "'Yar Malam, ubanki ne ya dawo mini da mijina." Ina jin daɗi, ba na musu. Amma na ga yadda abin yake. A zuwan baya wani saurayi aka haɗo da su rakiya, bai san sunan ko mutum ɗaya ba. Ka san a kowace gada da kowace mashiga sai an kira mamaci an gaya masa za a haye, don kada ya ɓata a hanya. Shi kuwa da aka zo gada sai ya ɗaga murya ya ce, "To, ku duka ku biyo ni," kamar mai kora agwagi. Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa tana kuka, wai ta yaya za ta san ɗanta ya ji.

Ni ba na son akwati. Mutum nake so, mai tari, mai ƙorafin gishiri. Gashina ya fara fari, ba zan iya jiran ya mutu, a jira shekarun tono, sannan a miƙo mini shi in rungume da hannu ɗaya ba.

Kada ka nuna masa takardar nan. Gyara rubutun kawai zai yi ya dawo mini da ita. Kai dai ka san yadda za ka yi.

Yayarka,
Yuk-sim


Biktoriya, wata na shida

Yaya Yuk-sim,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Gaskiyarki ne, kan mai awara bai yi tunanin nan ba. Lafiyarmu ƙalau, Baffa yana cin abinci, har ya koma makaranta yana razana yara.

Ban nuna masa ba, amma na yi masa magana kai tsaye. Ina tsefe masa gemu na ce, "Baffa, ba ka ganin lokacin komawa gida ya yi?"

Ya ce, "Bayan tono."

Na ce, "Bayan tono kuma sai me?"

Ya ce, "Sai mu gani. Ka kula da kunnena, ba wake ba ne."

Bana ce shekarar tono, kuma kin san babu wanda zai taɓa kabari ba ya wurin. Na je wajen Tsoho Ma, mai babban kanti, wanda shi ne na biyu a ƙungiya, na roƙe shi su sallami Baffa da bakinsu. Ya dube ni kamar na ce a rushe zauren ƙungiya. Ya ce, "In Malam ya tafi wa zai yi magana da Turawa? Kai? Da Turancinka na ‘awara biyu, canji babu’?" Mutanen kanti suka yi ta dariya.

Kada ki ga baƙinsu da yawa. Ke kin san shi a takarda, su sun san shi a tsaye. Tsofaffi suna ba da labarin ranar da ya sauka daga jirgi da kitsonsa har gadon baya, da doguwar rigar wanda ya ci jarrabawar gunduma, da akwatin littattafai, a garin da kowa ma'aikacin gwangwanin kifi ne ko mai wanki. Suka ce wannan ba zai kai hunturu ba. Ya buɗe makaranta a bayan shagon wani tela. Ya koyi Turanci wurin wata tsohuwar mishan, yana biyan ta da share mata ƙanƙara a ƙofar gida. Tun daga nan babu wanda aka kai kotu, ko asibiti, ko maƙabarta, ba tare da Malam Kwan yana gefensa ba. Waɗanda suka yi masa dariya a tasha, shi ya rubuta bulonsu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na lura da shi a zamana da shi, Baffa bai iya yin abu don kansa ba. In na ce ya sa rigar sanyi don lafiyarsa, ba zai sa ba. In na ce yara za su ga malaminsu yana rawar ɗari su raina shi, nan take zai sa. To akwai wata magana a wasiƙarki da ta tsaya mini a rai, ina juya ta. Ba zan faɗa ba sai ta nuna.

An fara tono. Kullum yana can maƙabarta bakin teku, iska tana kaɗa shi, yana duba yadda ake wanke ƙashi da shanya shi da naɗe shi a farin ƙyalle. Tarin ya ɗan dawo, amma kaɗan ne.

Ƙaninki,
Fuk-loi


Sa-tong, wata na tara

Fuk-loi,

Muna lafiya. Ina fata kai ma haka.

Tun wasiƙarka ta wata na shida ban ji daga gare ka ba, ban ji daga Baba ba. Ka rufe da cewa tari ya dawo, sannan ka yi shiru. Na karanta layin nan har takardar ta yage a wurin.

Ɗan aike ya zo ƙauye makon jiya, babu komai nawa a jakarsa. Na tsare shi a ƙofa. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce shi dai bai je Biktoriya ba, amma wani da ya fito daga can ya gaya masa an kwashe kayan ɗakin Malam, an raba littattafansa, kuma wani ne yake koyarwa a makaranta. Na san Baba. Yana numfashi ba zai bari a taɓa littafinsa ba.

Surukata ta ce in sayi farin yadin makoki in ajiye, kada labari ya zo a same ni ba shiri. Na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Washegari na je kasuwa na saya.

Ni ba yarinya ba ce. In ya tafi, ka gaya mini rana da wata, in san lokacin da zan sa masa abinci a gaban kakanni. Kada ka tausaya mini da shiru.

Yuk-sim


Biktoriya, wata na goma

Yaya! Yaya Yuk-sim!

Ki mayar da farin yadin nan cikin adaka. Baffa yana raye, lafiyarsa ƙalau, yanzu haka yana bene yana faɗa da mai ɗaure kaya. Gaisuwa ta biyo baya, yau ita ce ta biyu.

Na rubuta miki doguwar wasiƙa a wata na bakwai, na ba wani ɗan gundumarmu da ya ce gida zai tafi. Ashe mutumin ya sami aiki a wani gari a hanya, ya zauna abinsa da wasiƙata a aljihu. In na kama shi sai ya ci ta. Shi kuma Baffa ya ce ba zai rubuta miki ba, wai sau uku yana yi miki alkawari da alƙalami, wannan karon da ƙafa zai yi.

Ga yadda aka yi. Da aka gama tono aka jera akwatuna, sai aka kira taro a zaure don zaɓen ɗan rakiya. Tsoho Ma ya riga ya shirya ɗan ƙanwarsa, wani ƙato mai son ganin Hongkong. Ni da ban taɓa buɗe baki a taro ba, na miƙe tsaye. Na ba su labarin saurayin da ya kora iyayenmu kamar agwagi, da tsohuwar da ta zauna a ƙasa. Kowa a wurin yana da wanda ke cikin akwatunan nan, kuma kowa ya san wata rana shi ne a ciki.

Tsoho Ma ya ce, "Ai sai a koya wa yaron sunayen."

Na ce, "Sunan da ke kan bulo? Wa ya taɓa kiran Gurgu Lam da sunan bulonsa? In ba a ce Gurgu ba, ko waiwayowa ba zai yi ba, yana raye ma bai yi ba." Aka fashe da dariya, wasu suna share ido. Na ce, "Mutum ɗaya ne a garin nan ya san kowannensu da sunan da yake amsawa, ya san wanda kurma ne sai an ɗaga murya, ya san mai tsoron ruwa."

Ban kalli Baffa ba, amma kowa ya kalle shi. Tsoho Ma ya yi tsalle ya ce, "Ka san dokar ƙasar nan! In ya fita ya daɗe, ba za su bar shi ya dawo ba!" Wani tsohon ma'aikacin layin dogo daga baya ya ce, "Ma, shekara nawa muna riƙe da shi don rayayyu? A ba matattu su ma su ɗan samu." Daga nan magana ta ƙare. Baffa ya miƙe a hankali ya ce tunda jama'a ta ɗora masa, ba shi da ikon ƙi.

Muka taho gida tare har muka kai matakala. Ya tsaya ya ce, "Wannan dabara ba daga tukunyar awara ta fito ba. Yuk-sim ce ko?" Na ce ni ban san zancen ba. Ya ce, "Tun tana ƙarama haruffanta suke karkacewa, amma ba ta taɓa kuskuren ma'ana ba." Ya hau bene, na ji yana ta fyace hanci.

Littattafan shi ya raba su da hannunsa. Makaranta ya ba wani tsohon ɗalibinsa, tafinta kuma ya ba wata ɗalibarsa da ta fi Turawan iya Turancinsu, Tsoho Ma yana ta gunaguni. Jirgi zai tashi farkon watan gobe. Ba zan yi miki ƙarya ba, teku a hunturu ba wasa ba ce ga mai shekarunsa, kuma ya ce a ƙasan jirgi zai riƙa wuni tare da akwatuna. Na cusa masa citta da rigunan sanyi, na ce matattu za su ji kunya in ɗan rakiyarsu yana tari.

Ɗakin bene zai yi mini faɗi. Ki rubuto da zarar kin gan shi.

Ƙaninki,
Fuk-loi


Sa-tong, wata na goma sha biyu

Ƙanena Fuk-loi,

Gaisuwa da godiya, da neman afuwar wasiƙata ta baya. Muna lafiya, dukkanmu, har da wanda kake son ji. Ya iso.

Ranar da kwalekwalen akwatunan ya zo daga Hongkong, bakin kogi ya cika maƙil, ban iya matsawa gaba ba. Muryar na fara ji, a dushe, tana cewa, "Gurgu Lam, mun iso gundumarmu Hoiping. Katakon sauka ne, taka a hankali." Aka sauko da akwati. "Kurma Cheng! KURMA CHENG! Tudu ne, sauko!" Jama'a suka yi dariya, matar Cheng tana dariya tana kuka, tana cewa haka ake kiran sa, haka ake kiran sa. Sai na hango wani ɗan tsoho siriri cikin rigunan sanyi uku, ya dafa sanda. Ban san fuskar ba. Na tsaya ina kallon baƙo, ina jiran zuciyata ta gaya mini wani abu.

Bai neme ni ba, ni ma ban je ba. Na san ba zai dubi kowa ba sai ya sauke nauyin da ya ɗauko. Ɗaya bayan ɗaya ya miƙa kowa ga danginsa, yana gaya musu abin da mutumin yake so da abin da ya faɗa a ƙarshe. Waɗanda ba a zo ɗauka ba ya ce a kai su haikali, gobe zai raka su da kansa. Rana ta yi sanyi kafin wurin ya watse, ya rage daga shi sai jakarsa.

Na matsa na ce, "Baba." Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Kin yi kama da ita." Iyakar abin da muka iya ke nan. Maigidana ya ɗauki jaka, muka kamo hanya.

Da muka zo 'yar gadar dutse ta shiga Sa-tong, sai ya tsaya cak. Daga nan ana hango rufin gidanmu da bishiyar da Inna take zama a ƙarƙashinta. Ya dogara da sandarsa, ya kafe a wurin. Maigidana ya ce ko a goya shi, ya girgiza kai. Mutumin da ya haye teku da mutane masu yawa, yana kiran kowa, ya zo gadar da yara suke tsallakewa da gudu ya kasa ɗaga ƙafa, kuma babu mai kiran sa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na shiga gabansa na ce, "Baba, gada ce. Mun iso Sa-tong. Biyo ni, taka a hankali."

Ya biyo ni.

Yanzu kwanansa kusan goma. Tarin yana nan amma yana raguwa. Ya ce kununa babu gishiri ko kaɗan, ya ce a gaya maka naka ya fi, ka ji abin da bai taɓa faɗa maka ba. Farin yadin na kai an rina shi baƙi, na ɗinka masa riga. Da nake kwance jakarsa na tarar da bulon a ƙasa, naɗe cikin tawul. Na tambaye shi me za a yi da shi. Ya ce ya taho da shi ne ko da teku za ta yi gardama, yanzu kuwa kowa a nan ya san sunansa, in yi abin da na ga dama. Teburin da yake rubutu a kai yana da gajeriyar ƙafa ɗaya, na tokare ta da shi, ya zauna daram.

Ka gaya wa Tsoho Ma kada ya ji haushi, mu ma ba mu tsira ba. Tun kwana na uku mutane suke layi a ƙofa da lemo a hannu ɗaya, takarda a ɗayan.

Za ka ga jan zagaye har guda huɗu a takardar nan. Ban aika ta ko'ina ba, ban jira wata shida ba. Yana zaune a gefena ya miƙo hannu ya yi su, tawadar ko bushewa ba ta yi ba.

Yayarka,
Yuk-sim